Darasi: Yadda ake gudanar da ƙarshen makon tseren motoci na WEC, da yadda za ka karanta tseren a wayarka ba tare da ka ƙarar da data ba

Darasinmu na yau ya shafi motoci, amma a gaskiya darasi ne a kan bayanai da lissafi. Da yawanmu mun sha cin karo da gajerun bidiyo a TikTok ko Facebook na wasu motoci masu kama da jirgin yaƙi suna kwasar gudu cikin dare, mu kalla na sakan 30 mu wuce. Abin da ɗan bidiyon ba ya nunawa shi ne, a irin wannan tsere motar da kake gani a gaba sau da yawa ba ita ce take cin tseren ba. Wanda ya iya karanta jadawalin lokaci a waya ya fi mai kallon bidiyo sanin abin da ake ciki, kuma datarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta mai kallo ba. Wannan yana da muhimmanci gare mu da ke Babura, Roni, Gwiwa da ƙauyukan Kazaure, inda sabis yake hawa yana sauka, wani lokaci ma waya ta kama layin Nijar.

Za mu bi ƙarshen makon tsere daga farko zuwa ƙarshe, mu ga na'urorin da suke aiki a ciki, sannan mu koyi karanta jadawalin, a ƙarshe mu rubuta ɗan shiri na Python da zai yi mana lissafi.

1. Wace gasa ce wannan?

Sunanta FIA World Endurance Championship, ana taƙaita shi da WEC, wato gasar juriya ta duniya. An fara ta a 2012, kuma hukumomi biyu ne suke tafiyar da ita: FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya, da ACO, wata ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa. ACO ɗin ce take shirya tseren awa 24 na garin Le Mans tun 1923, kuma shi ne uban duk tseren da ke cikin gasar.

Kada ka haɗa ta da Formula 1. A Formula 1 tayoyin mota a waje suke, direba ɗaya ne, kuma tsere kan ƙare cikin ƙasa da awa 2. A WEC tayoyi a rufe suke cikin jikin mota, akwai fitilu da gilashin gaba, direbobi biyu ko uku ne suke karɓa-karɓa a mota ɗaya, kuma tsere mafi gajarta awa 6 ne. Haka kuma ta bambanta da tseren Paris zuwa Dakar da iyayenmu suka ji labarinsa lokacin da yake ratsa Agadas da hamadar Tenere. Wancan tafiya ce daga gari zuwa gari a kan rairayi, wannan kuwa zagaye ne a kan kwalta ɗaya. Wanda ya fi yawan zagaye lokacin da agogo ya cika shi ne ya ci.

A kakar 2025 an yi tsere 8: Katar, Imola a Italiya, Spa a Beljiyam, Le Mans a Faransa, Sao Paulo a Burazil, Austin a Amurka, Fuji a Japan, da Bahrain. Na Katar kilomita 1812 ne, an zaɓi lambar ne saboda ranar ƙasarsu, 18 ga watan 12. Na Bahrain awa 8 ne, Le Mans awa 24, sauran awa shida-shida.

Don ka gane girman abin: zagaye ɗaya a Le Mans kilomita 13.626 ne. A 2010 motar Audi da ta ci ta yi zagaye 397, wato sama da kilomita 5,410 a kwana ɗaya. Kamar ka yi tafiyar Kano zuwa Legas sau biyar ke nan daga la'asar ɗin Asabar zuwa la'asar ɗin Lahadi.

2. Tsere biyu a kan titi ɗaya

Abu na farko da ke rikita sabon mai kallo shi ne, motocin ba duka suke tsere da juna ba. Akwai aji-aji.

Babban aji shi ne Hypercar. Motoci ne da aka ƙera don tsere kawai. A 2025 kamfanoni 8 ne a ciki: Ferrari, Toyota, Porsche, Cadillac, BMW, Alpine, Aston Martin da Peugeot. E, Fijo ɗin da muka sani, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, ta ci Le Mans sau uku, a 1992, 1993 da 2009. Toyota kuma ta ci sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022, kafin Ferrari ta karɓe a 2023, 2024 da 2025.

Aji na biyu shi ne LMGT3. Waɗannan an gina su ne a kan motocin da mai kuɗi zai iya saya, irin su Porsche 911, Ford Mustang, BMW M4 da Corvette. Doka ta ce dole a cikin direbobin kowace mota a sami wanda ba ƙwararre ba. Hukumar FIA tana raba direbobi mataki huɗu, Platinum, Gold, Silver da Bronze, kuma kowace motar LMGT3 sai da aƙalla ɗan Bronze guda. A Le Mans kaɗai ana ƙara aji na uku mai suna LMP2, motoci su kai 62 gaba ɗaya.

Ga inda lissafi ya shigo. A Le Mans, Hypercar tana zagaye cikin kimanin minti 3 da rabi, motar LMGT3 kuma kusan minti 4. Bambancin sakan 30 ke nan a kowane zagaye. Idan ka raba sakan 240 da 30 za ka sami 8, ma'ana duk bayan zagaye 8 Hypercar za ta sake riskar kowace motar LMGT3 ta wuce ta. Direban babbar mota kullum cikin cunkoso yake, kamar ɗan acaɓa a ranar kasuwa. Inda ya riski ta gabansa, a miƙaƙƙen titi ne ko a tsakiyar kwana, yana iya cin masa sakan ɗaya ko biyu, kuma hakan zai fito a jadawali.

3. Ƙarshen makon, rana bayan rana

Bari mu ɗauki tseren awa 6 da ake yi ranar Lahadi, a tsarin da aka bi a 2024 da 2025.

*Kafin a tayar da inji.* Jami'an gasar suna binciken kowace mota: nauyi, tsawo, faɗi, fukafukai, na'urorin da doka ta wajabta, har da kwalkwali da rigar direba da ba ta kama wuta da sauri. A Le Mans ana yin wannan binciken a dandalin tsakiyar gari, a gaban jama'a.

*Juma'a, atisaye.* Ana yin zama biyu na minti 90. Kada lokutan da kake gani a nan su ruɗe ka. Wata mota tana gudu da tanki cike, wata da mai kaɗan, wata da tsohuwar taya. Abin da injiniyoyi suke nema shi ne amsar tambayoyi uku: taya tana ɗaukar zagaye nawa kafin ta gaji, mota tana shan makamashi nawa a zagaye, kuma wane saiti ne direbobin duka za su iya zama da shi, tunda kujera ɗaya suke rabawa.

*Asabar, neman gurbi.* Da safe akwai atisaye na uku na minti 60. Daga nan sai neman gurbin tashi. Kowane aji yana samun minti 12, motoci 10 da suka fi sauri su wuce zuwa zagaye na biyu na minti 10 da ake kira Hyperpole. Wanda ya zo na ɗaya zai tashi a sahun gaba, ya kuma sami maki 1. A tseren awa 6 gurbin tashi yana da amfani, amma ba shi ne hukunci ba.

*Lahadi, tsere.* Motoci suna bin motar jagora a hankali, su jeru biyu-biyu, sai a ba su koren wuta suna cikin tafiya. Daga nan agogo ya fara. Na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma mai maki 1. A tsere mai tsawo kamar na Katar da Bahrain na ɗaya yana samun 38, a Le Mans kuwa 50.

*Bayan an gama.* Ana sake binciken motoci, kuma sakamako bai tabbata ba sai an kammala. A Le Mans ta 2025 motar Ferrari mai lamba 50 ta zo ta huɗu a kan titi, amma aka soke sakamakonta bayan tsere, saboda an tarar wasu kusoshin da ke riƙe fiffikenta na baya babu su, fiffiken yana lanƙwasawa fiye da yadda doka ta yarda. Aikin awa 24 ya tafi a kan kusoshi.

Le Mans ta fi ƙarshen mako, mako guda ce cur: gwaji ranar Lahadin da ta gabata, atisaye da neman gurbi Laraba da Alhamis har cikin dare, tsere ya tashi Asabar ƙarfe 4 na yamma agogon Faransa, wato ƙarfe 3 agogon Najeriya da Nijar.

4. Na'urorin da ke aiki a ɓoye

*Turansfonda.* Kowace mota tana ɗauke da wata 'yar na'ura mai aika lambar shaidarta. A cikin kwalta an binne wayoyi a wurare daban-daban. Duk sanda mota ta taka, wayar ta karɓi lambar, kwamfuta ta rubuta lokacin har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. An raba titin kashi uku, shi ya sa za ka ga S1, S2, S3 a jadawali. Duk abin da za mu karanta a gaba daga nan yake fitowa.

*Sensa da telemetiri.* A jikin mota akwai sensa masu yawa da ke auna zafin inji, zafin birki, iskar taya, matsin mai, yadda direba ya taka totur da sauransu. Suna magana da kwamfutar mota ta wata hanyar sadarwa da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986. Irinta ce a cikin motocin da ke yawo a titunanmu, kuma ta nan makanike yake karanto matsala idan ya ce zai sa wa mota kwamfuta. A motar tsere ana tura bayanan ta rediyo zuwa gareji kai tsaye, wannan shi ne telemetiri. Injiniya yana zaune gaban allo zai ga iskar taya tana raguwa kafin direba ya ji a hannunsa, sai ya kira shi ta rediyo.

*Haibirid.* Yawancin motocin Hypercar suna haɗa injin mai da na lantarki. Idan direba ya taka birki, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareta ya caja batir, sannan a yi amfani da cajin wajen tashi. A Toyota, Ferrari da Peugeot injin lantarkin yana tayoyin gaba, kuma zai iya kaiwa kilowat 200. A Porsche, BMW, Cadillac da Alpine kuwa duka kayan haibirid iri ɗaya suke amfani da shi, ƙarami, a baya. Aston Martin Valkyrie ba ta da haibirid sam.

*Daidaita ƙarfi.* To ta yaya motoci masu bambancin gini haka za su yi tsere tare? Da wani tsari mai suna BoP. Kafin kowane tsere hukuma tana fitar da jadawalin da ya ce wa kowace mota ga mafi ƙarancin nauyinki, ga iyakar ƙarfinki. Ƙarfin yana kewayen kilowat 500, kimanin doki 670, nauyi kuma daga kilo 1,030 zuwa sama. An saka sensa a sandunan da ke juya tayoyi don auna ainihin ƙarfin da ke isa ƙasa, saboda haka ba a iya ɓoye shi. Babu abin da magoya baya suke jayayya a kai kamar BoP, kamar yadda ake musun alƙalin wasa a gidan kallon ƙwallo.

*Tankin lissafi.* Wannan ne ya fi burge mai harkar manhaja. Ban da tankin mai na gaske, kowace Hypercar tana da wani tanki da ba ya wanzuwa sai a kwamfuta. Ana ba ta adadin makamashi, kimanin megajul 900, da za ta kashe tsakanin tsayawa da tsayawa. Sensa suna cirewa tana tafiya, kamar yadda ake cire maka data kana hawa intanet. Idan ta wuce adadin, hukunci ne, ko da akwai sauran mai a tanki. Idan ta shiga gareji aka jona mata tiyon mai, lissafin yana sake cika. A allon tsere za ka ga wannan a matsayin kaso cikin ɗari kusa da sunan mota.

5. Zango da tsayawa

Tafiyar da mota take yi daga tsayawa ɗaya zuwa ta gaba, mu kira ta zango, kamar na fatake. A Le Mans zangon Hypercar zagaye 12 ne zuwa 13, kimanin minti 45, saboda haka mota tana tsayawa wajen sau 30 kafin a gama.

A layin gareji ba a wuce kilomita 60 a awa. Dole a kashe inji yayin shan mai, kuma ba a taɓa taya sai an cire tiyo. Ma'ana canjin taya ƙarin lokaci ne a kan na shan mai. Don haka ƙungiya takan bar taya ɗaya ta yi zango biyu ko uku idan za ta jure. Tsohuwar taya tana cin sakanni a titi, sabuwa tana cin sakanni a gareji, injiniya ne zai auna wanne ya fi araha. Direbobi ma akwai dokarsu: a Le Mans ba wanda zai tuƙa fiye da awa 4 cikin kowace awa 6, ko fiye da awa 14 gaba ɗaya.

Idan an yi haɗari, hukuma tana da matakai. Akwai FCY, inda kowa zai sauko kilomita 80 a awa a duk faɗin titin, tazara ta tsaya kusan yadda take. Akwai motar kariya, wadda take tattara motoci a bayanta, tazarar da wani ya sha wuya ya tara ta narke. A Le Mans akwai kuma yankin sassauci, inda ake rage gudu a wani ɓangare kawai. Ba da wasa aka kai ga waɗannan dokoki ba. A 1955 a Le Mans motar Mercedes ta Pierre Levegh ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutane sama da 80 suka mutu. A 1988 wata mota ta kai kilomita 405 a awa a dogon titin Mulsanne, a 1990 aka saka kwanoni biyu a tsakiyarsa don karya gudun. Masu juya mota a taron biki a cikin gari su lura: ƙwararrun ma ba sa yi sai da shinge, da likitoci, da jami'an da ke iya tsayar da kowa da tuta ɗaya.

6. Yadda ake karanta jadawalin lokaci

Idan ka buɗe jadawalin kai tsaye a shafin gasar ko manhajarta, za ka ga layuka da kalmomin Turanci a samansu. Ga waɗanda suka fi muhimmanci:

- POS: matsayin mota. Duba na cikin ajinta, ba na gaba ɗaya kawai ba.
- GAP: tazararta da motar da ke kan gaba.
- INT: tazararta da motar da ke gabanta kai tsaye.
- LAST: lokacin zagayenta na ƙarshe.
- BEST: zagayenta mafi sauri.
- PITS: sau nawa ta tsaya.
- S1, S2, S3: lokacinta a kowane kashi na titi.

Sabon shiga yakan zuba ido a kan POS da BEST. Wanda ya gane yana kallon LAST da PITS, da kuma zagaye nawa mota ta yi tun tsayawarta ta ƙarshe.

Ga misali na lissafi, da lambobin da muka sa don koyo. A ce saura zagaye 20, zango zagaye 12 ne, kowace tsayawa tana cin sakan 80. Mota A tana gaban mota B da sakan 50. Amma A ta riga ta yi zagaye 11 a zangonta, saura mata 1. Bayan shi akwai zagaye 19, wanda ba zai yiwu da tsayawa ɗaya ba, sai biyu, sakan 160. B ta yi zagaye 3 ne kawai, saura mata 9, bayansu zagaye 11, tsayawa ɗaya ta isa, sakan 80. Bambancin sakan 80 ne, A kuma 50 kawai take da su. Ke nan B ce a gaba da sakan 30, duk da kyamara tana bin A, masu kallo suna tafa mata.

Irin wannan ya faru a zahiri a Le Mans ta 2024. Ƙofar Ferrari mai lamba 50 ta ƙi rufuwa, hukuma ta tilasta mata shiga gareji kafin lokacinta, tsarin tsayawarta ya bambanta da na sauran. Tambayar ta koma: Nicklas Nielsen zai iya lallaɓa makamashinsa har ƙarshe ba tare da ƙarin tsayawa ba? Ruwan sama ya rage gudun kowa, ya lallaɓa, ya kai da ɗan abin da ya rage, ya ci Toyota mai lamba 7 da sakan 14. Wanda ke kallon kason makamashi ya san inda tseren yake tun awa guda kafin a gama.

S1, S2 da S3 kuma su ne ƙararrawar matsala. Idan mota ta yi asarar sakan ɗaya a kashi ɗaya, wataƙila cunkoso ne. Idan tana asara a duka ukun zagaye bayan zagaye, ko taya ta gaji, ko direba yana tsimin makamashi, ko wani abu ya lalace. A 2016 Toyota mai lamba 5 tana kan gaba, saura 'yan mintuna, ƙarfinta ya ɗauke saboda wani mahaɗin bututun iska na turbo da ya saki. Kazuki Nakajima ya tsaya a daidai layin ƙarshe saura minti 3 da 'yan sakanni, Porsche ta wuce ta ci. Toyota ta lallaɓa ta ƙarasa zagayen, amma ya ɗauke ta kusan minti 12, doka kuma ta ce zagayen ƙarshe kada ya wuce minti 6, sai ba a ma sa ta a sakamako ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

7. Lissafin data da lokaci

Ka'idar mai sauƙi ce: megabit 1 a sakan yana cin megabait 450 a awa. Bidiyo mai tafiya a megabit 2.5 zai ci megabait 1,125 a awa, wato kusan gigabait 7 a tseren awa 6. Sauti mai kilobit 64 kuwa megabait 29 ne a awa, awa 6 bai kai megabait 180 ba. Jadawalin lokaci rubutu ne da lambobi, ya fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce:

1. Buɗe jadawalin lokaci a burauza.
2. Kunna sharhin Radio Le Mans, ana jin sa kyauta a intanet, da Turanci.
3. Ajiye bidiyo sai tashi da kuma rabin awar ƙarshe, ka sauke ingancinsa zuwa 360p.
4. Washegari ka kalli taƙaitaccen tseren a tashar FIA WEC ta YouTube, ko ka sauke shi da datar dare.
5. Rage hasken allo, ka cika fawabanki tun safe, don awa 6 allo a kunne ba ƙaramin aiki ba ne ga batir.

Bidiyon WEC kai tsaye a manhajarsu na kuɗi ne. Idan kana son ka fara da na kyauta, tashar GT World a YouTube tana nuna tseren GT World Challenge kai tsaye, kuma duk abin da ka koya a nan zai yi maka aiki a can. Ka guji shafukan da ke alƙawarin kallo kyauta idan ka sauke wata manhaja daga wajen Play Store. Ta nan ake kwashe wa mutane bayanan waya.

Game da agogo: Turai a lokacin bazararsu suna gabanmu da awa 1, Katar da Bahrain da awa 2, Japan da awa 8. Sao Paulo tana bayanmu da awa 4, Austin da awa 6 a watan Satumba. Tseren da ya tashi ƙarfe 11 na safe a Fuji, ƙarfe 3 na dare ne a Babura.

8. Aikin gida ga masu koyon rubuta manhaja

Kamfanin Al Kamel Systems, mai kula da lokaci a WEC, yana ɗora sakamakon kowane zama a shafinsa, har da fayil na CSV mai ɗauke da kowane zagaye na kowace mota. Bayanai ne na gaske, dubban layuka, kyauta. Sauke na tseren da kake so, ka sa masa suna tsere.csv, ka buɗe Pydroid 3 a wayar Android, ka ajiye shirin nan a wuri ɗaya da fayil ɗin:

```
import csv, statistics

def sakan(t):
    s = 0
    for x in t.split(":"):
        s = s * 60 + float(x)
    return s

f = open("tsere.csv", encoding="utf-8-sig")
layuka = csv.reader(f, delimiter=";")
kai = [k.strip() for k in next(layuka)]
n = kai.index("NUMBER")
t = kai.index("LAP_TIME")

motoci = {}
for l in layuka:
    if len(l) > t and l[t].strip():
        motoci.setdefault(l[n], []).append(sakan(l[t]))

for m in sorted(motoci, key=lambda m: statistics.median(motoci[m])):
    print(m, round(statistics.median(motoci[m]), 3))
```

Shirin yana mayar da lokaci kamar 3:28.512 zuwa sakan 208.512, ya tara zagayen kowace mota, sannan ya fito da na tsakiya. Me ya sa na tsakiya, ba matsakaicin jimla ba? Domin zagayen da aka shiga gareji ko aka bi motar kariya suna da tsawo sosai, za su ja lissafin sama. Idan ka jera lokutan daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, waɗancan ba za su dame ka ba. Kwatanta jerin da ka samu da sakamakon tseren. Duk inda motar da ta fi sauri a jerinka ba ita ta ci ba, koma ka nemo dalili: tsayawa ce, hukunci ne, ko motar kariya ce ta fito a lokacin da bai yi mata daɗi ba.

Idan ka gama wannan, ƙara mataki: raba lissafin direba-direba ta layin DRIVER_NAME, ko ka lissafa gudu. Kilomita 13.626 sau 3,600 a raba da 208.512 zai ba ka kimanin kilomita 235 a awa. Zagaye mafi sauri da aka taɓa yi a wannan titi shi ne na Kamui Kobayashi a Toyota a 2017, 3:14.791, kusan kilomita 252 a awa.

Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, ko na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ma wanda yake koyo shi kaɗai a waya, wannan aiki ne da za ka iya nunawa. Tsaftace fayil, zaɓar ma'aunin da ya dace, da bayyana abin da lambobi suka ce, su ne dai aikin da ake yi da bayanan kasuwa, na asibiti ko na gona. Motocin suna Faransa, amma fayil ɗin yana shigowa wayarka cikin 'yan sakanni.

A darasi na gaba za mu duba 'yar na'urar OBD mai Bluetooth, yadda ake jona ta a motar gida, da yadda ake karanta zafin inji da lambobin matsala a waya. Sai mun haɗu, Allah ya ƙara mana basira.